Kumfar da Ba Ta Jin Magani

Sabon Gari, Wudil
Litinin, 7 ga Yuli

Zuwa ga mahaifina, Malam Ɗantani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da duk mutanen gida. Yaya damina, yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Baba, sau huɗu ina kiran wayar Inna don a ba ka, sau huɗu tana cewa ka tafi gona, alhali ina jin tarinka a kusa da ita. Shi ya sa na rubuto. Na san Malam Tasi'u tela zai karanta maka, kuma ba zai rage komai ba.

Aiki ne ya rikice mana a masana'anta. Muna haɗa garin roba da mai da garin alli a tanki yadda aka saba, mu shafa kwaɓin a kan yadi, ya shiga tanda ya fito tampol. Amma yau mako uku ke nan tampol ɗin yana fitowa da ƙuraje na kumfa, da ƙananan huji kamar an bi shi da allura. Idan ka ɗaga shi a rana sai ka ga haske yana ratsowa. Masu kiwon kifi na bakin kogi sun dawo mana da tafkin tampol guda shida, duk suna yoyo. Wani bawan Allah ya wayi gari ya tarar da tarwaɗarsa a kwance cikin ruwan da bai kai idon sawu ba.

Na ƙara maganin kumfa. Na sauya irinsa. Babu abin da ya canja.

Ƙungiyar masu kifin ta ba da aikin tafki arba'in. Alhaji Hashimu mai masana'antar ya kira ni ofis ya ce ranar Juma'a 25 ga wata za a cika tafki ɗaya da ruwa a tsakar masana'anta, a ja layi a bakin ruwan. Ranar Asabar zai zo ya duba da kansa. Idan ruwa ya sauka daga layin, in ajiye makullin ɗakin kwaɓi, zai kawo wani daga Legas.

Shekara tara ka yi a ɗakin nan ba a taɓa ganin haka ba. Ina roƙonka ka faɗa mini abin da ban sani ba.

Ka gaishe mini da Inna. Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Rahinatu

*

Lajawa
Ranar Alhamis

Zuwa ga Injiniya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Ruwa yana sauka yadda ake so, gero ya fara rufe kunya. Ƙafa kuma tana nan, da ita aka haife ni. Uwarki tana gaishe ki, ta ce ki daina kwana da yunwa.

Takardarki ta iso ta hannun direban motar kasuwa. Tasi'u ya karanta mini sau biyu. A karo na biyun na sa shi ya tsaya a wurin da kika ce in faɗa miki abin da ba ki sani ba, ya maimaita, domin ban taɓa zaton zan ji wannan magana daga bakin mai digiri ba. Yanzu ma yana cewa in cire wannan, wai ba a yi wa ɗan fari haka. Na ce masa ɗinki na sani ya iya, ya rubuta abin da aka ce.

Ban manta ba, ko ke kin manta. Watan sanyi ne, ranar Talata. Na kunna ɗan rishona a bayan tanki, kika shigo da farar rigarki da takarda a hannu, a gaban Bilya mai kula da inji, da sauran ma'aikata, kika ce, "Baba, a kashe wutar nan. A nan ba a aiki da haka muka saba, da sikeli ake yi." Washegari na zo na tarar kin sa an sauke buhunan allina daga saman tanda, an kai su sabon sito. Na ce, "Wa ya taɓa mini kaya?" Kika ce, "Ba kayanka ba ne Baba, na kamfani ne." Na tuɓe rigar aiki na rataye a ƙusa, na rantse da Allah ƙafata ba za ta sake taka ƙofar nan ba. Kowa ya ji.

Shekara talatin da bakwai ina cikin roba, tun daga Sharaɗa har na dawo Wudil. Ban taɓa zama a benci a gaban allo ba. Ke da kika zauna, da kuɗin kumfar nan aka saya miki bencin. To ki tambayi sikeli.

Ba ni da abin faɗa a kan aikin kamfani, ni manomi ne. Tambaya kawai nake, irin ta mai wucewa. Kumfar nan, a cikin tanki kike ganinta tana tasowa, ko sai yadi ya fito daga tanda? Kuma ranar da abin ya fara, ruwa nawa aka yi kafin nan?

A gaida mijinki da yaran. Allah ya yi albarka.

Ɗantani,
da hannun Tasi'u tela

*

Wudil
Lahadi, 13 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Inna, ina kuma gaida Malam Tasi'u da haƙurin rubutu.

Ga amsar mai wucewa. A tanki kwaɓin lumui yake, ko ƙwayar kumfa ɗaya babu. Sai ya fito daga tanda ake ganin ɓarnar. Na duba littafin aiki: abin ya fara ranar 16 ga Yuni, kwana biyar bayan babban ruwan da ya cika kwatar bayan sito.

Akwai abin da ban faɗa ba a waccan takarda. Kai ludayi biyu na maganin kumfa kake zubawa a tanki. Da abin ya ƙi, na mai da shi uku, sannan biyar. Hujin bai ragu ba, sai wata sabuwa ta fito: yanzu robar ba ta kama yadin. Da farce za ka iya ɓare ta kamar ɓawon dankali.

Jiya Alhaji ya shigo ya tarar da mu tsaye a kan wani damin tampol da ya lalace. Ya ce, "Bilya, kai da ka daɗe a nan, mene ne wannan?" Bilya ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya Baba Ɗantani laƙani ne da shi. Mun sha ganin bakinsa yana motsi in zai rufe tanki." Wani daga baya ya ce, "A aika Lajawa ya yi tofi a gora a kawo mana." Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ko tofin ne ki nemo. Saura kwana goma sha uku."

Baba, wuta a kusa da man roba haɗari ce, buhun takarda a saman tanda ma haka. Masu duba harkar gobara sun rubuta mana gargaɗi sau biyu, ni aka ba takardar. A kan wannan ban yi kuskure ba. Amma na tambaye ka a ranar me ya sa sai a saman tanda, ka ce mini, "Nan ne wurinsu." Da ka ba ni dalili, da na nemi wata hanya.

Idan laƙani ne, ka faɗa in san ba ni da rabo. Idan ba shi ba ne, kwana yana tafiya.

Allah ya ja kwana.

Rahinatu

*

Lajawa
Ranar Laraba

Zuwa ga Injiniya,

Salamu alaikum. Gida lafiya. Akuyar uwarki ta haifi biyu. Na sa Tasi'u ya rufe keken ɗinki ya gyara zama, domin yau maganar da tsawo.

Ki ce wa Bilya ƙaniyarsa. Abin da yake gani bakina yana yi, ƙirga nake, ɗaya zuwa ɗari biyu, kafin in rage gudun injin juyi. Ba ni da agogo a lokacin da na koya.

Shekarar da ruwa ya ɓalle a Bagauda, kina goye, ina dakon buhu a wata masana'antar ledar kujerun mota a Sharaɗa. Ko kusa da tanki ba a bari in je. Damina ta yi nauyi, leda ta fara fitowa da ƙuraje irin naku. Mai kula da kwaɓi wani Ba'indiye ne, mutumin kirki, yana da littafi mai kauri kamar bulo. Ya yi abin da kika yi. Ya ƙara magani, ya ƙara, har leda ta koma saɓulewa daga yadi. Mako uku muna zubar da kaya.

Ana nan ruwa ya shiga sito, aka ce mu kwashe buhunan alli mu sa duk inda muka samu. Ni na jefa guda takwas a saman tanda, wurin da nake shanya rigata. Bayan kwana huɗu aka ce in kawo alli, na ɗauko na saman don su ne kusa. Ledar ranar ta fito sumul kamar kuncin jariri. Washegari wani ya kawo daga sito, ƙuraje suka dawo. Ba wanda ya lura sai ni. Na cusa hannu a buhun sito na dunƙula, garin ya tsaya a dunƙule. Na dunƙula na saman tanda, ya zube ta tsakanin yatsu.

Ga abin da yake. Kumfa iri biyu ce. Akwai ta iska, wadda injin juyi yake bugawa cikin kwaɓi. Ita ake gani a tanki, ita maganin kumfa yake fasawa, ludayi biyu ya ishe ta. Akwai kuma ta ruwa. Alli yana shan danshi yana ɓoyewa, ki taɓa shi ki ce busasshe ne. A tanki ba ya nuna komai. Sai ya ji wutar tanda ruwan ya zama tururi, ya nemi hanyar fita, ya huda robar ya wuce. Wannan ko durom kika juye mata ba ta san da zaman magani ba. Shi kuma maganin santsi ne da shi. In ya yi yawa sai ya kwanta tsakanin roba da yadi ya hana su riƙe juna.

Sabon sitonki daɓen siminti ne, bayansa kwata. Na san a ƙasa kuka jibge buhunan, don na ga Bilya yana kai katakon da nake shimfiɗawa wurin mai shayi.

Rishon nan da kika kashe, ba shayi nake dafawa ba. Marfin gwangwani nake ɗorawa ya yi zafi, in ɗiga kwaɓi kaɗan. In ya kwanta shiru ya daskare, a shafa. In ya yi tsartsatsi yana ƙara kamar an jefa ɗanyen kifi a mai, akwai ruwa, kada a kai shi kan yadi. Ki gwada da abin da dokarki ta yarda da shi.

Yanzu saura wadda ta fi wuya. Tasi'u ya ɗaga kai yana kallona, na ce ya kalli takarda.

A Sharaɗa ban gaya wa Ba'indiyen nan ba. Na bari aka ce hannun Ɗantani ne yake da albarka, duk ranar da ya kawo alli aiki yana kyau. Da haka na tashi daga dako na koma bakin tanki. Na riƙe abin nan shekara talatin da bakwai. Masu takarda suna da takardarsu a bango, ni wannan ce tawa, na ga in na faɗa na zama tsoho mai ɗaukar buhu. Ranar da kika tambaye ni, da a soro ne mu biyu, wataƙila da na faɗa. A gaban Bilya kika tambaya. Duk da haka ke 'yata ce, kuma na tafi na bar ki da damina a gaba, na san abin da za ta zo da shi. Da aka yi ruwan farko na ce wa uwarki, "Yau alli ya fara sha." Ta ce, "To ka aika mata mana." Na ce a bari ta tambaya. Wancan mai tarwaɗar, da hannuna a cikin asararsa.

Ki mai da magani ludayi biyu. Ki busar da alli kwana uku, ki ɗaga shi daga ƙasa.

Allah ya ba da sa'a.

Mahaifinki, Ɗantani

*

Wudil
Litinin, 21 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. A yi wa Inna barka da akuya.

Na karanta takardarka a ofis, sai da na rufe ƙofa.

Muna da murhun lantarki a ɗakin gwaji, marar harshen wuta. Na ɗora faranti na ɗiga kwaɓin ranar. Ya yi tsartsatsi har ya fallatsar mini a riga. Bilya yana tsaye ya ce, "La ilaha! Ashe ba shayi ba ne." Na auna garin alli, na gasa shi, na sake aunawa, ya ragu. A makaranta an koya mana wannan, Baba. Yana cikin littafina. Ina ganin kumfa na tafi wurin maganin kumfa, ban tsaya na tambayi daga ina take ba.

A saman tanda ba zan mayar da buhu ba. Na sa maƙeri ya yi mana tebur na ƙarfe a gefen da iska mai zafi take fita, taku biyar daga tanda, muka baje allin a tire. Katako kuma na sa Bilya ya je ya karɓo wurin mai shayi, wanda har ya fara zama a kai. Magani ya koma ludayi biyu.

Damin yau ya kama yadi gam, farce ba ya shiga. Tsakiya babu huji ko ɗaya. Amma gefe ɗaya, kamar faɗin tafin hannu, tun daga farkon dami har ƙarshensa, hujin yana nan. Ɗaya gefen lafiya lau. Na gwada kwaɓin a faranti, shiru. Na sa an duba wutar tanda, daidai take ko'ina. Kuma a gefen ake haɗa tafki, nan ne ruwa zai fara nema. Saura kwana huɗu a cika ruwa, ban san inda zan duba ba. Na gwada kwatanta shi a takarda na ga ba zai yiwu ba, abu ne na ido.

Baba, wuta dai dole a kashe ta. Amma da na jira mun fita waje, da na durƙusa na faɗa yadda ake faɗa wa uba. Na yi magana da kai kamar lebura don ma'aikata su ga ba na son kai. Ka yafe mini. Rigarka tana nan a ƙusa, na hana a taɓa.

Na san ka rantse. Ba zan ce ka karya ba. Ina dai faɗa maka inda nake.

'Yarka,
Rahinatu

*

Lajawa
Ranar Talata

Injiniya,

Salamu alaikum. Na yafe, ke ma ki yafe.

Na je wurin liman na ce, mutum ya rantse a kan abu, sai ya ga barin rantsuwar ya fi alheri. Ya ce ya ciyar da mabukata goma. Ya ce, "Wane ne mutumin?" Na ce wani ne. Ya ce, "To ka gaya wa wanin tun watan sanyi muke jiran tambayar nan."

Uwarki ta tuƙa tuwo da miyar kuɓewa, mutum goma sun ci. Tasi'u ya zo zai zama na sha ɗaya, na ce shi ba mabukaci ba ne, maroƙi ne.

Gobe ina nan tafe da motar farko. Kada a taɓa komai a sito, a bar shi yadda yake in gani. A kakkaɓe rigar.

Ɗantani

*

Wudil
Ranar Lahadi

Zuwa ga matata Barakatu, ta bakin Tasi'u,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ƙafa da sauƙi, ana ba ni abinci fiye da kima. Yau Injiniya ce take riƙe da alƙalami, saboda haka Tasi'u ya karanta da ladabi.

Ashe hujin gefen nan daga damin yadi yake. A tsaye suka jingine su a sito, kai ɗaya a kan siminti. Na ɗora bayan hannu a ƙasan ɗaya na ji sanyi. Kafin in buɗe baki Injiniya ta ce, "Gefen da ke ƙasa ne ya sha danshi." Da an ba ni numfashi ɗaya da ni zan faɗa. Muka kwantar da su a kan katako a wurin iska mai zafi.

Ranar Juma'a aka cika tafki aka ja layi. Jiya Alhaji Hashimu ya zo ya tsuguna, ya cire tabarau ya mayar, ruwa yana kan layi. Ya ce, "Baba, tofin ne?" Na ce, "Tambayi mai makulli." Makulli yana hannunta.

Ba zan dawo ba sai Laraba. Ta sayo sabon littafi, ina faɗa tana rubutawa, Bilya yana zaune yana ji. Abin da na riƙe shekara talatin da bakwai, da aka zuba shi a takarda shafi huɗu ya ci. Na ce ta sake rubutawa da manyan baƙaƙe.

A duba mini geron gabas, kada ciyawa ta ci shi. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗantani,
da hannun 'yarsa